Takardu Uku na Ɗan Yakaka

Yakaka na durƙushe gaban akwatin ɗanta, ta riga ta ɓalle kwaɗon da wuƙar yankan kuɓewa. Muinat kuma na tsaye a bakin ƙofar ɗakin, wai gadi take yi kada wani ya shigo. Wa zai shigo? Gidan na mutum biyu ne, na biyun kuwa tun da sassafe ya hau kekensa ya tafi kamfanin gyaɗa, inda yake ɗan taɓa aikin akawu. Gadin Muinat dai bai wuce miƙa wuya ba.

"Ɗaga rigunan, Maman Kyari. Can ƙasa suke ɓoye irin abin nan. Ni maza huɗu na haifa, na san halinsu."

"Ke dai rufa min baki. Ke kika kwaso min wannan tashin hankali ko koko ban sha ba."

Muinat Bayarabiya ce, tana sayar da atamfa a gefen Kantin Kwari, katanga ɗaya ta raba gidanta da na Yakaka a Fagge yau shekara ashirin. Idonta bai taɓa ganin abu ya bar bakinta ya huta ba. Ita ce da safen nan ta leƙo ta ce akwai magana, amma ba ta kan katanga ba ce. Maganar kuwa ita ce, sau uku ke nan tana ganin Kyari a Sabon Gari in ta je sayen manja, kuma duk gida ɗaya yake shiga, a layin coci, gidan wata mata da ake kira Monica. Ran farko ya fito da auduga manne a gwiwar hannu, alamar an ɗebi jininsa. Rana ta biyu ya shiga da 'yar kwalba a naɗe cikin jarida, yana ɓoyonta kamar ya sato, kowa kuwa ya san abin da namiji ke kunyar a gani a kwalba. Rana ta uku ce ta fi muni. Ta taga Muinat ta hango shi tsaye ba riga, matar ta zagaye ƙirjinsa da igiyar awo.

Can ƙasan akwatin, ƙarƙashin wandon Sallah, Yakaka ta ci karo da 'yar ambulan. Ta zazzage. Hotuna ne ƙanana guda uku, duk fuska ɗaya: ɗanta, ya ƙura wa mai hoto ido, kai a buɗe.

"Innalillahi! Ko hula babu."

"Bar batun hula," in ji Muinat, don tuni ta baro gadin ta iso kanta. "Mai hoton Sabon Gari shida-shida yake wankewa, ni na sani. Uku ne nan. Ina ukun?"

Yakaka ta zauna daɓas a ƙasa. Jini, fitsari, awon jiki, ga kuma hoto. Ko yarinyar da aka yaye jiya ta san mai tara waɗannan abubuwa ba miya zai kaɗa da su ba. Saura gashi da farce da ƙasar sawu, a haɗa a tukunya a binne, shi ke nan an gama da yaro, sai dai a gan shi yana bin mace kamar tunkiya.

Ya kamata ku san wace ce Yakaka. Babarbariya ce, an kawo ta Kano tana amarya, kuma ita ke wankan gawar mata a unguwar. In mace ta cika, kafin a gama aika wa dangi an aiko mata. Fagge kuwa zangon baƙi ce. Wata za ta sauka a tasha ko a gidan fatake, ajali ya same ta ba nata ko ɗaya a kusa, to Yakaka mai unguwa ke turo wa. Ita za ta dafa ruwa da ganyen magarya, ta wanke, ta sa kafur, ta yanko likkafani, ta tsaya har a ɗaga makara. Shekara talatin tana ganin abin da ke ƙarƙashin zannuwan matan Fagge, da tabon duka da cikin da ba a faɗa ba, amma ba wanda ya taɓa jin kalma ɗaya daga bakinta. Muinat ta yi duk dabarar da ta iya har ta haƙura. Ba ita kaɗai ta gwada ba.

Mijinta, Goni Ari, ya tafi hajji ta ƙasa Kyari na da shekara takwas, bai dawo ba. Wasu alhazai sun ce ya rasu a Sudan. Wasu sun ce ƙarya ne, da idonsu suka gan shi yana noman auduga, da mata biyu, har ya yi tumbi. Yaron nan shi kaɗai ya rage mata. Aka ɗauke shi makarantar boko tana kuka, aka wuce da shi kwaleji a Zariya tana kuka, bara ya dawo da takardar da aka ce rabon Fagge da ganin irinta an daɗe. Ta ce alhamdulillahi, an gama. Ashe Sabon Gari na jiranta.

Ta miƙe ta naɗa laffayarta, ta ɗaura laya a damtse. Muinat ta ce bari ta ɗauko gyale ta raka ta.

"A'a. Kwatanta min gidan kawai, ki tsaya ki ci gaba da gadin nan da kika iya."

Rabon Yakaka da Sabon Gari tun rikicin shekara uku da suka wuce, lokacin da aka kwana huɗu ana jifa da sara tsakanin unguwannin biyu. Ba nisa, tsallaken titi ne, amma ita a wurinta wata ƙasa ce. Rana ta take, zafin bazara na dukan tsakar ka. Ta shiga ta gefen kasuwa, ƙamshin manja da busasshen kifi ya tare ta, garmaho na kuka a wani shago tun da hantsi. Duk inda ta ga turɓaya sai ta kauce ta taka busasshen wuri, inda kuma ba makawa sai ta ja gefen laffaya ya share sawunta. 'Yan mata na wucewa kan keke da gajerun riguna, kowacce sai ta bi ta da harara tana cewa a ranta, ko wannan ce?

Gidan mai koriyar ƙofa ne, da bishiyar gwanda a gaba, ba allo ba komai. Ta yi sallama, don Allah ba don masu gida ba, ta shiga.

Abin da ta tarar ba shi ta zo gani ba. Benci ne dogo, mata uku masu ciki zaune a kai suna fifita da kati, ɗakin na warin maganin asibiti. Wata dattijuwa mai furfura, da farar riga da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, tana wanke hannu a tasa.

"Ina Monica?" in ji Yakaka.

"Ni ce."

"Ba ke ba. 'Yarki, ko jikarki, mai sunan."

"Monica ɗaya ce a gidan nan, Mama, kuma ta kusa sittin."

Wannan ɓangaren ne Muinat ta manta ba ta faɗa ba, don kun san labari da tsohuwa a ciki ba ya armashi. Amma Yakaka ba ta saki ranta ba. Ai tsohuwa ta fi yarinya sanin hanyar boka, kuma wa ya sani ko wata 'yarta take yi wa tanadi?

"Zauna mana," in ji Monica. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta tuntuɓe.

"Na gode, tsayuwar ta fi min."

"A kawo ruwa?"

"Na ƙoshi." Maƙogwaronta kuwa kamar an zuba toka. "Wajen maganar yaron nan na zo."

"Wane yaro?"

Nan fa ɗaya. Ɗan fari ne, Yakaka ba ta taɓa kama sunansa ba ko a gida, balle a bakin mutane.

"Dogon nan. Mai keke. Wanda kika tuɓe wa riga."

Matan benci suka tsayar da fifita gaba ɗaya. Monica ta dube ta ta saman tabarau, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango. "Kyari! Ke ce mamarsa? Kai, ga hancin ma. Zo ciki, zo, kafin matan nan su haihu don jin daɗi."

Ɗakin ciki ɗan ƙarami ne, da tebur da kantar katako cike da littattafai. A kan teburin akwai manyan ambulan uku, an danne su da dutsen guga. Monica ta ɗage dutsen ta zaro takardun, ta jera. Kowacce da ɗan hoton Kyari maƙale a kusurwa.

"Ga su nan, ukun. Na san su kike nema."

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Ita ma'aikaciyar jinya ce, a Legas ta yi koyo, ta shekara ashirin da biyar a asibitin gwamnati, yanzu ta koma karɓar haihuwa a gida. Allon da ke ƙofa tun ranar rikici ta cire shi, ba ta mayar ba. Duk Alhamis wani likita na zuwa duba marasa lafiya a nan. Kyari kuwa karatun likita yake nema, kuma ba makarantar da za ta karɓi mutum sai da takardar shaidar ba shi da tarin fuka ko wata cuta. Jinin da fitsarin na gwaji ne, awon ƙirjin ma na takarda ne. Wasiƙunsa kuma ta akwatinta na gidan waya suke zuwa, tunda gidajen Fagge ba lamba, in kuwa ta kamfani suka biyo sai babban akawu ya riga mai su karantawa.

"Da aka gama gwajin, ina aka kai jinin?"

"An zubar."

"A ina?"

"A masai, Mama."

"Wa ya gani?"

Monica ta ga dai gara ta koma kan takardu. Ta ɗora yatsa kan ta farko. "Wannan ta nan Kano ce, sabuwar makarantar da aka buɗe. Wannan ta Ibadan. Wannan kuma ta Kartum, a Sudan."

Yakaka ta dafe ƙirji. Sudan kuma? Ƙasar da ta haɗiye uban ita ce ta buɗe baki tana jiran ɗan?

"Kwantar da hankalinki, ai ɗanki ya riga ya yanke," in ji Monica da ɗan haushi. "Duk ya cike su, amma ya ce ta Kano kaɗai zai aika. Sati biyu ina faɗa da shi. Na ce mai hankali ba ya aika ɗaya, in ba su ɗauke ka ba fa? Ya ce mamarsa ita kaɗai ce a gida, in ya yi ta Kano kullum zai zo ya ci tuwonta. Yau ƙarfe huɗu ake rufe jakar wasiƙun jirgi, wadda ba ta shiga ba sai baɗi. Kuma bai cika ashirin da ɗaya ba, a wurin Bature yaro ne, dole sai da yatsanki a jiki. Yanzu da azahar zai zo ya ɗauki ta Kanon ya kai miki gida. Sauran biyun ya ce in hura wuta da su."

Wani sanyi ya ratsa Yakaka. Ba ta san lokacin da ta zauna kan kujerar da ta ƙi ɗazu ba. Ashe yaron nan yana da hankali. Amma daɗin bai hana ta aikinta ba.

"To ke mene ne naki a ciki? Me za ki samu in ya yi nisa?"

"Ni? Ciwon kai. 'Ya'ya biyu na haifa, Ikechukwu na tuƙin jirgin ƙasa, Chinyere na aure a Jos, ba wanda ya taɓa buɗe littattafan nan ko don kakkaɓe ƙura. Naki ya shigo tambayar maganin haƙori, naki haƙorin ma, ya ga littafi a kan benci, ya tsaya a tsaye yana karatu har na karɓi haihuwa na fito. Irin wannan kan ba a barinsa wajen auna gyaɗa."

"Wane littafi?"

Monica ta nuna wani ƙato mai jan bango. Yakaka ta jawo shi kan cinyarta, ba don za ta karanta ba, sai don ta ga ko an sa wani abu a tsakiya. Ta buɗe.

Zanen mutum ne a kwance, an ɗaye fatarsa, an buɗe ƙirjin kamar ƙofa mai ƙyaure biyu, komai na ciki a fili. Da wata ce, da ta yi salati ta jefar. Yakaka kuwa ta daɗe tana kallo. Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta dawo na farko.

"Wannan ba mai rai aka zana ba," ta ce a hankali. "Dubi yadda ƙafar ta kwanta waje. Dubi haɓar."

"Ke ma kin yi aikin asibiti ne?"

"Wa ya buɗe shi?"

Monica ta gyara tabarau. Ta ce ai haka ake koyon likita a ko'ina a duniya. Kafin a ba ɗalibi mai rai, sai ya shekara ɗaya ko biyu yana koyo a jikin wanda ya riga ya tafi, ya san inda kowace jijiya ta bi. In ba haka ba ranar da zai yi wa mutum aiki sai ya yanke abin da ba a yankewa.

"Gawar wa?"

"Ni dai abin da na gani a Legas, waɗanda ba su da kowa ne. Baƙo ya mutu a asibiti ko a tasha, a yi ta cigiya ba wanda ya zo. Ba sata ake ba, Mama, da izinin hukuma ne. Daga baya kuma ana binnewa."

"Har mata?"

"Likita ai ba maza kaɗai zai duba ba."

"Ana yi musu wanka?"

Daidai nan aka ji ƙararrawar keke a waje, aka ji ana gaisawa da matan benci, sai ga Kyari ya ɗaga labule da murmushinsa. Murmushin ya tsaya a hanya. Ga uwarsa a Sabon Gari, a kan kujera, da jan littafi buɗe a cinya. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Inna... sannu da rana. Me ya kawo ki nan?"

"Ƙafa." Ta juyo masa da littafin. "Ka san da wannan?"

"Na sani, Inna."

"Shi ya sa ake ta ɓoye-ɓoye."

"Wallahi na so in faɗa miki. Tun a Zariya na tambayi wani malami, ya ce in dai don ceton rai ne..."

"Ban tambaye ka malami ba. Makarantar nan ta garin nan, da ka zaɓa don ka ci tuwona, daga ina za su samo nasu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba. Wataƙila daga nesa ake kawowa."

"Wataƙila."

Ta rufe littafin, ta ɗora tafin hannu a kai kamar yadda take ɗorawa a goshin wadda ta gama yi wa sutura.

"Watan jiya wata mata ta sauko daga motar Nguru, ta kwanta a rumfar tasha wai ta huta, ba ta tashi ba. Ba wanda ya san sunanta. Zobe ɗaya gare ta na ƙarfe da ƙullin goro. Ku kun ce irinta ba ta da kowa. To ni ce kowanta. Ni na wanke ta, ni na yi mata kitso uku, ni na tsaya har aka fita da ita." Ta dubi ɗanta. "Gobe in wata ta faɗi a tasha, ko a kawo ta wurina ko a kai ta wurinka. Ka dawo da yamma ka sa hannu a kwanona, ni ina zaune ina tunanin yau mai unguwa bai aiko ba, ko tana can hannunka. Haka za mu yi shekara nawa?"

"Inna, ba lallai ne..."

"Kuma ka san Fagge. Uwa na wanki, ɗa na yanka. Kafin sati Muinat ta kai labari har unguwar Kwaciri cewa ni ke miƙa maka su ta bayan gida. Wa zai sake barina in shiga kan uwarsa in rufe ƙofa?"

A waje fifita ta tsaya, don labulen ba kauri gare shi ba.

Can Kyari ya ce, "Shi ke nan, Inna. Na fasa duka. Akawun ma ai aiki ne."

Monica ta yunƙuro za ta yi magana, Yakaka ta ɗaga mata hannu. Ta tsura wa yaron ido, irin kallon da take yi wa mai kayan miya in ta ga ya cika fara'a. Bakinsa ya ce ya fasa, amma idonsa na kan jan littafin.

"Ƙarya kake," ta ce. "Za ka fasa, ka zauna kana auna gyaɗa kana kallona kamar ni na kashe ka. Ni ba na faɗin abin da nake gani, kuma yau ma ba zan faɗa ba. Amma ka sani, da yawan waɗanda na wanke ba tsofaffi ba ne. Da ciki suka tafi, ko da ɗanyen jego, wasu ko ƙunshin aurensu bai gama fita ba. Da akwai ɗan unguwa da ya san inda jijiyar nan ta bi, wanda mazansu za su yarda ya shigo gida, da wasu na nan suna zagina. Ban ce ka fasa ba. Cewa na yi ba a garina ba."

"Inna, Ibadan fa da nisa."

"Na ce maka kusa ne? Madam, kawo tawadar."

Monica ta ɗauko da sauri kafin a sake shawara, ta turo takarda gabanta. Yakaka ta janye hannu.

"Tsaya. Ni ban iya bokon nan ba. Na san halin yaron nan, sai ya ƙifta miki ido ki ba ni ta Kano in danna. Kai, fita waje."

Kyari ya fita. Ta sa Monica ta nuna mata wacce ce wacce. Sannan ta hautsina takardun, ta ce Monica ta fita, ta kira Kyari shi ma ya nuna. Bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ma bai ishe ta ba, don cewa ta yi ai sati biyu suna tare, sun isa su haɗa baki. Ta leƙa waje ta tambaya ko cikin masu cikin nan akwai wadda ta yi makaranta. Wata mai suna Nkechi, matar wani tela, ta taso da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta karanta kan kowace takarda da ƙarfi. Sai da aka yi shaidu uku sannan Yakaka ta dangwala babban yatsanta ta danna a ta Ibadan.

Ta Kartum ce ta tsaya a kanta. Yatsan na sama, tawada na bushewa.

"Dole sai biyu?"

"Ɗaya ba ta da tabbas, Mama," in ji Monica.

Ta ja numfashi, ta sake dangwalawa, ta danna har takardar ta motsa. "In can ta ɗauke ka, ka ci karo da wani mai kama da kai da tumbi, ka gaishe shi, uba ne. Amma kada ka ci abincin matansa."

Saura ta Kano. Monica ta miƙa hannu ta ce bari ta yaga, kada a ruɗe a sa ta cikin ambulan.

"Ki yaga? Da sunan Annabi a jiki?" Sunan yaron na yanka Muhammadu ne, Kyari laƙabi ne. Yakaka ta ninke ta huɗu ta cusa a laffaya. Sannan ta dubi tulun da ke kusurwa. "Ruwan nan da kika ce ɗazu, yana nan?"

Monica ta ɗebo a kofi ta miƙo.

"Fara kurɓa."

Monica ta kurɓa tana dariya har ta ƙware, Yakaka ta karɓa ta shanye tas, ta ce a ƙaro.

Ba ta yarda Kyari ya kai wasiƙun shi kaɗai ba. Cewa ta yi mutumin da ya iya ɓoye abu wata guda, ya iya sakin ambulan a kwata ya ce iska ce. Suka tafi gidan waya tare, shi yana tura keke, ita tana rungume da ambulan biyu a ƙirji. Aka manna kan sarki a gabanta. Da hannunta ta zura su a bakin akwatin, ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta kara kunne ta ji faɗuwarta. Sannan ta koma wurin ma'aikacin ta tambaye shi ko akwatin nan yana da wata ƙofa ta baya, kuma wa ke riƙe da mabuɗin. Saura kwata ƙarfe huɗu.

A hanyar komawa suka bi ta gefen dalar gyaɗa. Rana ta yi sanyi, masu kanti sun fara shigar da kaya. Yanzu kam ko ta kan sawunta ba ta bi, turɓaya take takawa son ranta.

"Shekara nawa ne karatun?"

"Shida, Inna. In an yi sa'a."

Suka kauce wa wata motar itace.

"Jirgin ƙasa fa, kwana nawa yake yi kafin ya kai Ibadan?"

"Kamar biyu."

"To ka ji. In Allah ya yi ikonsa a kaina kana can, kada ka yi gudun banza. Kafin waya ta same ka an gama komai. Falmata ta gidan mai unguwa ta koya a hannuna, ta iya, hannunta da sauƙi."

"Haba Inna, don Allah ki bar wannan magana."

"Gara ma haka," ta ce, idonta na kan hanya. "Yanzu da na san abin da za a koya maka, ko kana gari ba zan yarda a bar ka kai kaɗai da ni a ɗaki ba."

Kyari ya yi dariya, sai ya yi sauri ya juya fuska wajen kantuna. Ita ba ta dube shi ba. Ta dai miƙa hannu ta kama sirdin keken, kamar mai neman madogara, ta riƙe gam. Haka suka shiga Fagge, yana turawa tana riƙe, ba ta saki ba har ƙofar gida.